Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsofaffin Motocin Tsere a Wasannin Kwamfuta

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana tsakanin ma'abota wasannin tseren mota na kwamfuta a Turai da Amurka da Japan. Gardamar kuwa ita ce, shin tsohuwar motar tsere ta shekarun 1960 da 1970 da mutum yake tuƙawa a cikin allo, haka ainihinta take a bisa hanya, ko kuwa dai siffarta kawai aka ara aka yafa wa wani lissafi? Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta masu hannu da shuni ce, ba ruwan yaron da ke zaune bisa benci a wani shagon wasa na unguwar Badariya, a Birnin Kebbi, yana jiran layi ya zo kansa. Yana da ɗan hujja kuwa, domin mafi yawan samarin da ke cika irin waɗannan shaguna ƙwallon ƙafa suke bugawa, in ma sun taɓa mota, to irin su Need for Speed ne ko wasannin wayar hannu, inda mota za ta daki bango da mugun gudu ta juyo ta ci gaba kamar ba a yi kome ba. Amma duk da haka maganar ta shafi yaron nan ƙwarai, domin gobe shi ne zai riƙe sitiyarin gaskiya a hanyar Ambursa. Ta kuma shafi ƙasar Kabi baki ɗaya, ƙasar da ke da tseren mota nata na kanta a bikin kamun kifi na Argungu.

Da farko dai ya kamata a bambanta iri biyu na waɗannan wasanni. Akwai na nishaɗi zalla, waɗanda masu yin su ba su taɓa cewa gaskiya suke kwaikwayo ba, wanda bai yi alkawari ba kuwa ba a kama shi da laifin saɓawa. Akwai kuma waɗanda suke da'awar cewa duk abin da mota za ta yi a kan hanya shi za ta yi a cikinsu. Daga cikin waɗannan akwai Gran Turismo, wanda kamfanin Polyphony Digital na Japan ya fara fitarwa a 1997, da iRacing na Amurka da aka buɗe a 2008, da Assetto Corsa wanda wani ƙaramin kamfanin Italiya mai suna Kunos Simulazioni ya fitar a 2014, sai kuma na tseren daji irin su Richard Burns Rally na 2004 da DiRT Rally na 2015. A kan waɗannan ne maganar take.

Tilas ne a ba su haƙƙinsu kafin a soke su. Abin da ke gudana a cikin irin wannan wasa aiki ne na masana lissafi da injiniyoyi. Ana ba kwamfuta nauyin mota, da inda nauyin ya fi rinjaye, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, da taurin safirin, da ƙarfin shokozoba, da ƙarfin da injin ke bayarwa a kowane mataki na juyawarsa, da yawan haƙoran kowace giya. Sa'an nan kwamfutar ta riƙa lissafa abin da zai sami motar sau ɗari uku da wani abu a cikin daƙiƙa guda. Mafi wuyar lissafin shi ne na taya, domin mota kome girmanta ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba, a nan kuwa duk birki da kwana da gudu suke ƙarewa. Wani malamin jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Hans Pacejka, shi ne ya shahara da tsara lissafin yadda taya ke riƙe ƙasa da yadda take suɓucewa, a ƙarshen shekarun 1980, wasanni da yawa kuma a kan aikinsa suka fara gina nasu. Filayen tseren su ma ana auna su da hasken lesa, har ɗan tudun da bai kai ɗan yatsa ba sai ya fito. Wanda ya zagaya filin Nurburgring na Jamus, mai tsawon kilomita kusan 21, sau ɗari a cikin allo, in aka kai shi can zai san kowace kwana kafin ya iso ta. Wannan ba abin rainawa ba ne.

To, ina matsalar take? Tana ga tsohuwar mota. Motar zamani, ko ta tsere ce ko ta gida, cike take da na'urorin da ke gyara wa direba kurakuransa. In ya danne birki fiye da kima, akwai na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa, wadda sai a 1978 aka fara sa irinta ta lantarki a manyan motocin Mercedes. In ya taka totur a kan santsi, akwai wadda ke rage wa injin ƙarfi ba da saninsa ba. Tsohuwar mota ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sitiyarinta ƙarfin dantse ne, birkinta ƙarfin ƙafa ne, in ya yi zafi kuma sai ya yi sanyin aiki. Kafiretarta tana shaƙewa a kwana, bodinta yana murɗewa, tayoyinta sirara ne masu zaren da aka gicciya, waɗanda ba su kama ƙasa gam kamar na yanzu, sai dai su riƙa zamewa a hankali, direba yana bi yana tarowa. Duk Bahaushen da ya san doki ya san wannan hali. Akwai dokin da yaro ma zai hau ya yi kilisa, akwai kuma ingarman da sai mahayin da ya san lokacin sakin linzami da lokacin ja, wanda yake jin abin da dokin zai yi tun daga cinyoyinsa kafin dokin ya yi. Motoci irin su Jaguar E-Type ta 1961, da Ford GT40 wadda ta ci tseren Le Mans shekara huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, da Porsche 911 ta farko mai injin a bayan tayoyin baya, duk ingarmu ne. Ita Porsche ɗin ma an san ta da wani hali: in direba ya tsorata a tsakiyar kwana ya ɗage ƙafa daga totur, nauyi sai ya koma gaba, bayanta ya yi sako-sako ya wuce kanta.

Wasan da ya fara ɗaukar wannan al'amari da gaske shi ne Grand Prix Legends, wanda kamfanin Papyrus na Amurka ya fitar a 1998, yana kwaikwayon gasar Formula One ta shekarar 1967. Sun zaɓi wannan shekara da gangan, domin a lokacin injin ya riga ya yi ƙarfi, amma ba a fara sa wa motocin fukafukan da ke danne su ƙasa ba. Lotus 49, alal misali, ƙarfin doki kimanin 400 gare ta, nauyinta kuwa kimanin kilo 500, watau ba ta kai rabin nauyin Peugeot 504 ba amma ta ninka ta ƙarfi sau huɗu. Wasan bai yi kasuwa ba, domin mafi yawan waɗanda suka saya sun kasa zagaya fili sau ɗaya ba tare da sun wuntsila ba. Waɗanda suka jure kuwa sai suka mayar da wuyar abin alfahari, daga nan wani ra'ayi ya kafu wanda har yau bai gushe ba, wai gwargwadon wuyar wasa, gwargwadon gaskiyarsa.

Wannan ra'ayi kuskure ne, dalilin kuskurensa kuwa shi ne zuciyar wannan magana. Direban gaskiya ba da ido kaɗai yake tuƙi ba. Kafin idonsa ya ga bayan mota ya fara zamewa, ƙugunsa da gadon bayansa sun riga sun ji, haka ma sashen nan na cikin kunne da ke gaya wa mutum ya karkata ko ya miƙe. Hannunsa yakan fara gyara kafin tunaninsa ya kai. Mai zaune gaban allo kuwa kujerarsa a kafe take. Ba shi da labarin zamewar sai ya gan ta, kafin ya gani kuwa an riga an makara. Saboda haka ko da lissafin motar daidai yake ɗari bisa ɗari, za ta fi wuyar tuƙi a allo fiye da yadda take a ƙasa. Masu yin wasa sai su sami kansu a tsaka mai wuya. In sun bar lambobi yadda suke, mota ta zama kamar ana tuƙi bisa santsin kuɓewa, abin da mutanen 1967 ba su taɓa ji ba. In kuma sun sassauta lissafin don a ji daɗin da direban gaskiya ke ji, to sun yi ƙarya a lambobi. Sitiyari mai mayar da martani, wanda ke tura wa hannu abin da tayoyin gaba ke ji, ya rage wannan giɓi, amma bai toshe shi ba, kuma tsadarsa ta sa ba kasafai ake ganinsa a shagon unguwa ba. Yaron Badariya da ɗan abin riƙo mai maɓallai yake tuƙi, da babban yatsa yake yin abin da direba ke yi da kafaɗu da ƙafafu biyu.

Bayan wannan akwai wata tambaya da masu tallar wasannin ba su son a yi musu, watau daga ina suka samo lambobin? Motar zamani kamfaninta yana da takardun kome, har na'urorin da ke rubuta motsinta daƙiƙa bayan daƙiƙa. Motar 1962 fa? Tayar da aka yi a wancan zamani, in ma ta saura, robarta ta bushe ta zama kamar ƙirgi, ba za a auna ta a san yadda take tana sabuwa ba. Motocin da suka rage sun zama dukiya. Ferrari 250 GTO guda 36 kaɗai aka ƙera, an kuma sayar da ɗaya a gwanjo a 2018 a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. Ba kowane mai irin wannan mota zai miƙa wa baƙo makulli ya ce je ka gwada iyakarta ba. Waɗanda ake tsere da su a tarukan tsofaffin motoci, irin na Goodwood a Ingila, an sāke gina su da ƙarfen zamani da mai na zamani da robar zamani mai tsohon zane, har sukan fi yadda suke a zamaninsu gudu. Su kuwa mutanen da suka san halin motocin a tafin hannunsu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, wasunsu a cikin motocin ma. Jim Clark, gwanin Lotus 49, a filin Hockenheim ya rasu a 1968, shekara 30 kafin a yi wasan da ake tuƙa motarsa a ciki. Ashe ke nan abin da ake kira gaskiya a nan ruwaya ce wadda salsalarta ta yanke a tsakiya, aka cike gurbin da kyakkyawan zato. Zato na masana ne, na masu ƙwazo ne, amma dai zato ne, ya kamata kuma a riƙa kiransa da sunansa.

Sai kuma tsoro, wanda babu lissafin da ya taɓa kama shi. Tseren wancan zamani ciniki ne da ajali. A Le Mans a 1955 mota ɗaya ta faɗa cikin 'yan kallo ta hallaka mutum fiye da 80. Direban da ya shiga kwana a shekarun 1960 ya san tankin mai yana kewaye da shi, bishiya kuma tana bakin hanya, don haka yakan bar wa kansa ɗan rara. Mai wasa ba shi da dalilin barin rara, domin in ya kife sai ya danna maɓalli ya koma farko da sabuwar mota. Yana iya gwada kwana ɗaya sau dubu har ya gano iyakar da mai rai ɗaya ba zai taɓa kusanta ba. A nan ne maganar ta sauko daga allo ta shigo gari. Kowa ya san al'adar nan ta wasa da mota da ta yaɗu a biranen Arewa, musamman ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, inda samari za su ari motar gida su riƙa murza taya suna juya ta a tsakiyar titi, jama'a na tsaye gefe. Ba wasan kwamfuta ya haifi wannan ɗabi'a ba, ta girme shi, tushenta yana kusa da sukuwar dawaki ranar salla. Amma wasan yana ƙara mata wani abu mai haɗari, watau amincewar ƙarya. Yaron da ya juya mota sau dubu a allo yakan ɗauka hannunsa ya faɗa, alhali bai taɓa jin yadda tayar da ta suɗe take saki a kan yashin da iska ta share bisa kwalta ba, bai kuma taɓa jin nauyin mota mai mutum biyar yana komawa gefe guda ba.

Masu kare wasannin suna da amsa, amsar kuwa mai ƙarfi ce. Za su kawo labarin Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya, wanda ya ci gasar GT Academy a 2011 daga wasan Gran Turismo, aka ɗauke shi aka sa a motar gaskiya, har ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans a 2013. Za su ce manyan direbobin Formula One ma, irin su Max Verstappen, suna shafe sa'o'i a wasan. Duk gaskiya ne. Sai dai a lura, shi Mardenborough ba daga kujerar ɗaki aka wuce da shi Le Mans ba, sai da aka yi watanni ana horar da jikinsa a motocin gaskiya ƙarƙashin malamai. Motocin da ya tuƙa na zamani ne, masu cikakkun takardu, filayen kuma shimfiɗaɗɗu ne kamar tabarma. Abin da labarinsa ya tabbatar shi ne wasa yana koyar da layin bi, da wurin taka birki, da natsuwa. Bai tabbatar da cewa Jaguar ɗin da ke cikin allo ita ce ta 1961 ba.

Yanzu kuma sai a waiwayo gida, domin a nan giɓin ya fi faɗi. In aka ce tsohuwar motar tsere, hankalin Bature yakan tafi ga Ferrari da Porsche. Amma a nahiyar Afirka motar da ta yi suna a tsere ita ce wadda kowane dattijo a tashar Birnin Kebbi ya sani ciki da waje, watau Peugeot, ko Fijo a bakin Hausawa. Peugeot 404 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, ta kuma ci sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. Ƙanwarta 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, a shekarar kuma ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kwaddebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da injin silinda shida. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka yi kimanin shekara 30 ana fitar da 504 daga can. Watau motar da ke cin kofi a Kenya ƙanwar uwa ɗaya ce da wadda ke ɗaukar fasinja daga Argungu zuwa Sakkwato, da wadda ke kai alƙali kotu, da a-kori-kurar da ke kwaso shinkafa daga fadama.

Me ya sa ta ci? Ba gudu ba ne, domin injinta mai lita biyu bai kai ƙarfin doki 100 ba a motar gida. Ta ci ne saboda safirin ɗinta masu dogon numfashi, da tsayinta daga ƙasa, da taurin ƙashinta, da kuma sauƙin gyara, ta yadda makanikin ƙauye zai tayar da ita da sifana biyu da guntun waya. Tseren Afirka na wancan lokaci ya kan wuce kilomita 5,000, cikin kwanaki da darare, a kan hanyoyin da ba a rufe wa jama'a ba. Na Bandama na 1972 ya yi tsananin da babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978, ta Agadas da Yamai ya ratsa, watau maƙwabtan Kabi na kusa. A irin wannan tsere tambayar ba ita ce yadda mota ke shan kwana ɗaya ba. Tambayar ita ce, bayan kwana uku ana dukan ta, me ya rage a jikinta?

Wannan kuwa shi ne abin da wasannin suka fi rauni a kai. Ɗauki gargada, alal misali. Duk direban da ya yi zamani da hanyoyin burji ya san in ka tafi a hankali a kan gargada mota za ta nemi wargajewa, haƙora su riƙa karo, in ka ƙara wuta kuwa sai ta hau saman tudun ta yi lum kamar kwalekwale. Amma ya kuma san cewa a wannan lokacin da ta yi daɗi ne tayoyin suka fi rashin riƙo, domin rabin lokaci a iska suke, birki da sitiyari duk sai da lallami. Ga yashin jigawa da ke jan sitiyari gefe, wanda in ka sassauta totur a cikinsa ka kafe. Ga laƙar fadamar Rima da damina, baƙa mai danƙo, wadda ke cika zanen taya ta mayar da ita sumul. Ga ƙurar hunturu da ke ɓoye motar gaba har sai an yi kusan karo, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Birnin Kebbi, lagireto na tafasa, mai na ƙafewa a bututu kafin ya isa kafireta. Ga jaki, ga garken shanu, ga kwalbatin da ruwa ya ci gindinsa jiya da dare. Wasu wasannin sun sa hanyoyin Kenya, sun kuma yi ƙoƙari wajen laka da ƙura, amma guntaye ne na mintoci, mota kuma sabuwa take tashi. Ita 504 da wuya a ci karo da ita a manyan wasannin, hanyar Argungu kuwa babu wanda ya aiko a auna ta.

Ba za a aiko ba kuwa, domin kamfani kasuwarsa yake bi. Sai dai tarihin wasannin nan da kansa ya nuna wata hanya. Grand Prix Legends da ya faɗi a kasuwa, masu sha'awarsa ne suka raya shi fiye da shekara 20, suna ƙara masa motoci da filaye a kyauta, har suka gina masa tsohuwar hanyar tseren Targa Florio ta tsibirin Sisili mai tsawon kilomita 72, kwana bayan kwana, daga taswira da tsofaffin hotuna. Assetto Corsa shi ma a buɗe yake ga duk mai iya ƙera mota ko hanya ya saka. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kilomita 50 da 'yan kai ne, bai kai Targa Florio ba. A garin akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, akwai kuma ta kimiyya da fasaha a Aliero. Kada a ce abin ya fi ƙarfin ɗan wannan yanki. Jelani Aliyu, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Ditiroyit. Shi ne kuma yake shugabancin hukumar tsara motoci ta ƙasa a 2020, lokacin da aka farfaɗo da bikin Argungu bayan shekara goma ba a yi ba, aka taso da jerin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu.

Abin da ya fi muhimmanci kuwa, a nan salsalar ruwaya ba ta yanke ba tukuna. Bature yana neman wanda ya tuƙa Lotus 49 a zamaninta ya rasa, amma a ƙasar Kabi har yanzu akwai tsofaffin direbobin da suka yi shekara 20 ko 30 a cikin 404 da 504, akwai makanikan da za su rufe ido su harhaɗa injinta, akwai kuma 'yan ragowar motocin a garejin unguwa da tashoshin ƙauye, ba a kulle su a gidan gilashi ba. Ana iya auna su, ana iya sa dattijo a gaban allo a ba shi sitiyari ya ce nan ta yi daidai, nan kuwa Fijo ba ta yin haka. Wannan shaida ce da kamfanonin Japan da Italiya za su so a ce suna da irinta. Kowace shekara kuwa tana raguwa, domin motocin 'yan gwangwan suna sare su suna awo a kilo, dattijan kuma kwana yana ƙare musu. Bikin Argungu da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016 saboda ilmin da ke jikin masunta, na homa da gora da sanin halin Matan Fada. Ilmin direban burji daga irin wannan dangi yake, na jiki ne, ba a rubuce yake ba, sai dai shi ba wanda ya ɗauke shi abin adanawa.

A nan ɗaliban sashen Hausa suke da nasu rabon aikin, tun kafin masu kwamfuta su fara nasu. Harshen tasha taska ce da ba a gama kwashewa ba. An san kalmomin aro irin su kuloci da totur da salansa da fulogi da lagireto, an kuma sha rubuta su a darasin aron kalmomi. Waɗanda ba a tattara ba su ne na halin mota, watau yadda direba ke bambanta motar da ke lilo da wadda ke rawa, da wadda ke cin taya, da wadda ke jan hannu, da wadda ke shaƙewa a hawa, da abin da yake nufi in ya ce ta kwanta ko ta ɗauki hanya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da takwararta a lissafin injiniya, ko taurin safirin, ko karkatar taya, ko rinjayen nauyi, amma sai an zauna da mai maganar an tambaye shi a wace hanya, da wane lodi, a wane wata na shekara. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa don wannan. Na'urar ɗaukar magana tana aljihunsa, tsohuwar tasha kuwa ba ta da nisa da Badariya, dattijan kuma sukan zauna a inuwa tsakanin azahar da la'asar.